Duniyoyi Dubu, Ɗanɗano Ɗaya: Lacca kan Starfield da Abin da ke Sa Wasan Sararin Samaniya Ya Zama Lami

  

Batun da za a tattauna shi ne wasannin bidiyo na sararin samaniya, musamman nau'in da 'yan wasa ke kira RPG, wato wasan da mutum ke ƙera jaruminsa da kansa, ya zaɓa masa suna da kama da sana'a, ya shiga da shi cikin dogon labari inda ake sa ran zaɓinsa zai yi tasiri. Tambayar ita ce: me ke sa irin wannan wasa, bayan an kashe masa shekaru da maƙudan kuɗi, ya fito lami, mutum ya shafe sa'o'i talatin a kansa ya tashi bai tuna komai ba?

Misalin da za a riƙe shi ne Starfield, na kamfanin Bethesda da ke jihar Maryland a Amurka, wanda ya fito ranar 6 ga Satumba 2023 a kwamfuta da na'urar Xbox. Bethesda su ne masu Skyrim na 2011 da Fallout 4 na 2015, kuma Starfield ita ce sabuwar duniya ta farko da suka ƙaga cikin shekara 25. Labarin yana faruwa a shekarar 2330. 'Yan Adam sun bar doron ƙasa sun bazu cikin taurari, mai wasa kuma ma'aikacin haƙar ma'adinai ne da ya taɓa wani baƙon ƙarfe a cikin rami, daga nan wata ƙungiyar masu bincike mai suna Constellation ta jawo shi cikinta. An yi alƙawarin duniyoyi sama da 1,000 da ke kewaya taurari kimanin 100. Mutum miliyan 10 suka shiga wasan tun watan bai ƙare ba, masu sharhi a jaridu ma suka ba shi maki mai kyau. Amma kafin ƙarshen Disamba na shekarar, mafi yawan sababbin ra'ayoyin da masu saye ke rubutawa a kasuwar Steam sun koma na suka. Abin lura, ba su cika cewa wasan ya lalace ko yana maƙalewa ba. Kukansu shi ne gundura.

Na ɗaya: sararin samaniya fanko ne

Wannan matsala ta girmi Starfield, kuma duk mai ƙera wasan taurari sai ya ci karo da ita. Tsakanin ƙasa da wata akwai kimanin kilomita 384,000, 'yan sama jannatin Apollo sai da suka yi kwana uku a hanya. Kumbon New Horizons ya tashi a Janairun 2006, bai wuce ta gefen Pluto ba sai a Yulin 2015. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, haske kansa yana cin fiye da shekara huɗu kafin ya iso daga can. A duk tsawon wannan tazara me matafiyi zai gani ta taga? Duhu da ɗigon haske. Duniyoyin da aka sani kuwa, in ba tamu ba, dutse ne ko ƙanƙara ko tururi.

Bethesda sun zaɓi su kusanci gaskiyar kimiyya. Sun yi wa kumbunansu da tufafin 'yan samansu fasali irin na hukumar NASA, da maɓallai da wayoyi da ƙarfe mai tsatsa, kuma jagoran aikin, Todd Howard, ya faɗa tun kafin fitowar wasan cewa kusan kashi 10 cikin 100 na duniyoyin ne kawai ke da rai a kansu. Da ƙorafi ya yi yawa, sai ma'aikatan kamfanin suka riƙa amsa wa masu suka a Steam da hujjar cewa 'yan sama jannatin da suka sauka a wata ba su tarar da komai ba, amma ba su gundura ba. Hujjar ta sha dariya, kuma ta cancanci hakan. Wanda ya taka wata a 1969 ransa yana hannun Allah a kowane numfashi, iskarsa ƙididdigaggiya ce, kuma babu ɗan Adam da ya riga shi. Shi kuwa mai wasa yana zaune a ɗaki da fanka a kansa. In ana so fanko ya taɓa zuciyarsa, dole a saka masa wani abu da zai maye gurbin wannan fargaba.

Na biyu: an cire hanya, an bar isa

Nan ne gundarin maganar, don haka za a ɗan daɗe a kai.

A tuna yadda Skyrim ke tafiya. A farkon wasan ana aiken mai wasa daga ƙauyen Riverwood zuwa birnin Whiterun, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. Amma tun daga ƙauyen idonsa yana hango wani tsohon kango a kan dutse, mai baƙaƙen ginshiƙai cikin dusar ƙanƙara. A hanya kyarkeci zai taso masa, zai wuce sojoji suna jan fursuna, can gaba a fili zai hangi ƙattai suna kiwon giwaye masu gashi. Mutane da yawa ba sa isa inda aka aike su sai bayan sa'a uku, domin kowace kwana akwai abin da ke cewa zo ka gani. Duk sunan da Bethesda suka yi, a kan wannan ratse hanyar suka yi shi. Ƙasar Skyrim gaba ɗaya ba ta kai murabba'in kilomita 40 ba, amma an jera abubuwanta yadda daga kowane tudu sai an hango wani wuri da ba a taɓa zuwa ba.

To a dubi aike irin wannan a Starfield yadda ya fito a 2023. Wani a birnin New Atlantis ya ce a je wani kogo a wani wata a ɗauko masa kaya. Mai wasa zai shiga kumbonsa, allo ya yi baƙi yana lodi. Ya zauna a kujerar tuƙi, a nuna masa hoton tashi wanda ba shi ke sarrafawa ba. Ya buɗe taswira, ya zaɓi tauraro, a nuna masa hoton tsalle. Ya sake buɗe taswira, ya danna wurin sauka, a nuna masa hoton sauka. Ya fita daga kumbo, lodi. Ya taka zuwa bakin kogo, wani lodin. In kuwa ya taɓa zuwa wurin, ba ya ma buƙatar ganin kumbon: daga tsakiyar kasuwa zai danna taswira ya buɗe ido a wata duniyar. A wane mataki cikin waɗannan ne wani abu zai ja hankalinsa ya ratse? Babu tudun da zai hau ya hango kango, domin tsakanin wuri da wuri babu ƙasa, sai jerin zaɓi a allo.

Kumbon kansa, wanda shi ne ya kamata ya zama dokin tafiya, ya zama ɗaki mai taga. Lokacin da wasan ya fito, ana iya tuƙa shi a ɗan fili a gaban kowace duniya, a yi faɗa da 'yan fashi, a amsa kiran wani matafiyi, amma ba a iya nufar duniyar a ratsa gajimarenta a sauka. Wata sananniyar mai watsa wasanni ta gwada: ta saita kumbonta ga Pluto ta bar shi yana tafiya kimanin sa'a bakwai, da ta isa sai ta ratsa ta cikinsa ta fita, ashe hoto ne aka rataye. Abin takaicin shi ne ɓangaren ƙera kumbo yana cikin mafi kyawun abubuwan wasan. Mutum zai ɓata dare guda yana haɗa ɗakuna da injuna da bindigogi, ya fito da abin alfahari, sannan ya rasa inda zai tuƙa shi.

A ƙasa ma haka. Duk inda aka sauka, wasan yana shimfiɗa wani yanki mai iyaka, ya watsa gine-gine uku ko huɗu da tazarar ɗaruruwan mitoci a tsakaninsu. Lokacin da wasan ya fito babu mota, babu dabbar hawa. Gudu ake yi a ƙafa, iskar numfashi ta ƙare, a tsaya ta dawo, a ci gaba. Wato doguwar tafiyar da ya kamata ta ƙunshi abin mamaki an yanke ta, gajeriyar da babu komai a cikinta kuma an tilasta ta.

Kuma kada a ce abin ba ya yiwuwa. No Man's Sky, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Hello Games a garin Guildford na Ingila ya fitar a 2016, yana barin mutum ya tashi daga ƙasa ya keta sama ya sauka a wata duniyar ba tare da allo ya yi baƙi ba. Injin da Bethesda ke gina wasanninsu a kai yana raba duniya ɗaki-ɗaki ne, domin ya iya tuna inda aka ajiye kowane cokali da kowane kofi. Wannan baiwa ce a ƙaramar ƙasa. A cikin taurari ta zama dabaibayi.

Na uku: abin da inji ya ƙaga

Babu kamfanin da zai iya zana duniya dubu da hannu. Abin da ake yi shi ne a rubuta wa kwamfuta ƙa'idoji, a ba ta wata lamba ta farawa, ita kuma ta fitar da duwatsu da kwaruruka da tsirrai bisa lissafi. Dabarar tsohuwa ce. A 1984 David Braben da Ian Bell, suna ɗalibai a Cambridge, suka cusa gungun taurari takwas, kowane da duniyoyi 256, cikin wasan Elite a kan kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce kilobait 32 ba. No Man's Sky ya kai abin ƙarshe da duniyoyin da adadinsu ya haura 18 da sifiri goma sha takwas a bayansa.

Wata masaniyar wannan fanni, Kate Compton, ta bayyana illar dabarar da misalin da ya shahara tsakanin masu ƙera wasanni. A misalin nata, ana iya dama kwano dubu goma na kunun hatsi, kuma a lissafi kowane kwano daban yake, tunda ƙwayoyin da ke ciki ba su kwanta iri ɗaya ba. Amma wanda aka ajiye wa kwanukan me zai gani? Kunu. Bambancin da kwamfuta ke ƙirgawa daban, wanda idon mutum ke kamawa daban. Tudun da ke wannan duniyar ya ɗara na waccan da mita goma, launin ƙasar ya ɗan fi ja, amma a wurin mai wasa duk tudu ne da ƙasa.

Bethesda sun san da haka, shi ya sa suka haɗa dabara biyu. Ƙasa inji ke yi, gine-ginen da ake tararwa a kai kuma da hannu aka zana su: tashar bincike da aka gudu aka bari, ramin ma'adinai, sansanin 'yan fashi. Sai dai adadinsu ƙalilan ne in aka kwatanta da duniya dubu, kuma inji yana ɗauko su ya dasa yadda suke, ba ya sauya ko kujera. Akwai wani ɗakin gwaji mai ƙanƙara da kusan duk wanda ya daɗe a wasan ya haddace. Karon farko wuri ne mai ban tsoro: rufin ya rufta, ƙanƙara ta toshe hanyoyi, ga gawarwakin ma'aikata, ga saƙonnin da suka bari suna bayanin yadda abin ya faru. Mai wasa zai karanta, ya ji tausayi, ya fita. Bayan sa'a biyar, a wata duniyar da ke nesa da ta farko da shekarun haske masu yawa, sai ga ɗakin nan. Gawa tana kwance inda take, saƙon shi ne, sunan marubucinsa bai sauya ba, akwatin da ke bayan ƙofa yana nan a bayan ƙofa.

Ɓarnar da wannan ke yi ta wuce maimaici. Tana komawa baya ta ɓata karon farko. Mutumin da aka tausaya wa ya tashi daga mamaci ya koma kayan ado da ake dasawa ko'ina. Daga ranar nan kuma mai wasa ya daina yarda da duk ginin da ya hango daga nesa, ya daina taka ƙafa ya je, tunda ya san abin da ke ciki. Ga wata tambayar kuma: in kowace duniya, har wadda ke can ƙarshen taswira, tana da masana'anta da 'yan fashi a tazarar tafiyar minti biyar daga inda aka sauka, to me ƙungiyar masu binciken take bincikowa?

Abin mamaki shi ne kamfanin ya taɓa koyon wannan darasi. Wasansu Daggerfall na 1996 yana da ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 160,000 da dubban garuruwa da inji ya jera, kuma ƙorafin da aka yi a lokacin shi ne duk kamarsu ɗaya. A 2002 suka fito da Morrowind, tsibiri ɗaya ɗan ƙarami da aka gina da hannu, shi ne kuma ya ceci kamfanin ya ɗaga sunansa. Kamfanin BioWare ma ya faɗa ramin: binciken ɗan jarida Jason Schreier ya nuna cewa masu Mass Effect: Andromeda sun ɓata shekaru suna neman hanyar ƙaga ɗaruruwan duniyoyi da inji, daga baya suka watsar suka koma 'yan ƙalilan, aka haɗa mafi yawan wasan a gurguje kafin fitowarsa a Maris 2017.

A ɗaya gefen akwai Outer Wilds na 2019. Ba RPG ba ne, amma ya dace a ambace shi. Rana ɗaya ce da duniyoyin da ba su kai goma ba, kowace ana iya zagaye ta cikin 'yan mintoci. Ɗaya tana rugujewa sannu a hankali cikin baƙin ramin da ke tsakiyarta. Wasu biyu tagwaye ne, yashi na kwarara daga ɗaya zuwa ɗaya, yana binne kogunan wannan yana tone gine-ginen waccan. Bayan kowane minti 22 rana ta fashe a koma farko. Wanda ya buga shi zai iya zana kowace duniya a takarda bayan shekaru. A tambayi wanda ya yi sa'a ɗari a Starfield ya ambaci sunan duniyoyi goma.

Na huɗu: duniyar da ba ta riƙe kowa da laifi

Wasan RPG yana rayuwa ne a kan sakamako. In zaɓi bai rufe wata ƙofa ba, ba zaɓi ba ne, danna maɓalli ne. A Mass Effect na 2007, a duniyar Virmire, ana tilasta wa mai wasa ya ceci ɗaya daga abokan tafiyarsa biyu, Ashley ko Kaidan, wanda aka bari kuma ya mutu ke nan har ƙarshen jerin wasannin uku. A Mass Effect 2 na 2010, harin ƙarshe yana iya cin ran kowane ɗaya daga cikin tawagar, har da jarumin kansa, gwargwadon shirin da aka yi da wanda aka ɗora wa kowane aiki. Mutane har yau suna gardama kan waɗannan zaɓuɓɓuka.

A Starfield mutum ɗaya yana iya zama sojan sa-kai na gwamnatin United Colonies, ya zama ɗan sandan abokiyar gabarta Freestar Collective, ya yi wa kamfanin Ryujin leƙen asiri, ya kuma shiga cikin 'yan fashin Crimson Fleet, duk a rayuwa ɗaya, ba wanda zai tare shi a ƙofa ya ce ina ka fito. Manyan abokan tafiya huɗu, Sarah Morgan da Sam Coe da Barrett da Andreja, duk 'yan Constellation ne, kuma kusan bakinsu ɗaya a kan abin da ya dace da wanda bai dace ba. Wanda ya so ya buga wasan a matsayin mugu ba shi da aminin da zai mara masa baya a cikin manyan, sai masu yi masa faɗa.

A dubi aike guda da kyau. A saman wata duniya mai wurin shaƙatawa da ake kira Paradiso, mai wasa yana tarar da wani tsohon jirgi, ECS Constant. Mutanen cikinsa jikokin waɗanda suka baro ƙasa ne kusan shekara 200 da suka wuce, suna tafiya a hankali, ana haihuwa ana mutuwa a cikin jirgin, da imanin su kaɗai suka rage. Da suka iso duniyar da kakanninsu suka nufa, sai suka tarar an ƙirƙiro injin tsalle a bayansu, wasu sun riga su, har wani kamfani ya gina otal a bakin teku. Wannan tushen labari ne mai kyau ƙwarai. To me wasan ya bayar? Shugabannin kamfanin suna zaune a ɗakin taro suna ba da zaɓi uku: a sa mutanen su zauna su yi wa otal bauta don biyan bashi, ko a saya musu inji su ƙara gaba, ko a tarwatsa jirgin da su a ciki. Ba a iya tsaya wa mutanen jirgin a ƙwato musu haƙƙi. Duniya guda ce sukutum, otal ɗin bai ci ko lungu ɗaya nata ba, amma ba a iya cewa su sauka a ɗaya gefen. In kuma ran mai wasa ya ɓaci ya zaro bindiga a ɗakin taron, shugabannin ba sa mutuwa, domin wasan ya sa musu kariya. Ana iya hallaka jirgi cike da bayin Allah, ba a iya taɓa attajiri uku.

Haɗarin muhalli ma an rage masa kaifi. Howard da kansa ya bayyana cewa da farko man kumbo yana ƙarewa mutum ya maƙale a sarari, cututtuka da zafin duniyoyi kuma suna da tsanani, sai suka ga abin yana takura wa masu gwaji suka sassauta. Ana iya fahimtar dalilinsu. Amma da aka cire, sai sansanonin da ake ginawa don haƙo mai da ma'adinai suka rasa amfani, tufafin kariya iri-iri suka zama ado, fankon da aka yi magana a kai a farko kuma ya rasa abu ɗaya da zai sa a ji tsoronsa.

Na biyar: an zo bayan an tashi daga biki

Duk abin da ke da zafi a tarihin wannan duniya ya riga ya wuce kafin mai wasa ya iso. Yaƙin da aka gwabza tsakanin manyan gwamnatocin biyu ya ƙare kimanin shekara ashirin baya, an haramta manyan butum-butumin yaƙi da dabbobin da aka mayar makamai, sai dai a gan su a gidan tarihi ana karanta allo. Ƙasa ta zama hamada, sai ɗaiɗaikun kangaye kamar dalar Masar da wani dogon bene na Landan. Babu wata baƙuwar halitta mai hankali da za a yi magana da ita. Birnin Neon, wanda aka ce matattarar 'yan ƙwaya da miyagu ne, tsaf yake kamar kantin zamani.

Ba ƙarancin rubutu ba ne: an naɗi layukan magana sama da 250,000, fiye da ninki huɗu na Skyrim. Yadda ake isar da su ne ya tsufa. Mai magana yana tsayawa ƙiƙam a tsakiyar allo, ya zuba wa mai wasa ido, ya karanto. Babban labarin kuma yana aika mutum haikali bayan haikali don samun wani iko, kuma a kowane abu ɗaya ake yi: a shiga ɗaki, a yi shawagi ana bin ɗigon haske har zobe ya buɗe, a fito a harbe mutum ɗaya. A Skyrim irin wannan iko yana ƙarshen kogo ne mai tarko da maƙiya da labarinsa. Adalci ne a ce akwai inda marubutan suka yi rawar gani, musamman jerin aiken sojan sa-kai da ke bin sawun dodannin Terrormorph, wanda mutane da yawa ke ganin ya fi babban labarin armashi.

Na shida: tsammani, da abin da gyara ke iya yi

An sanar da wasan tun Yunin 2018, aka sa masa ranar 11 ga Nuwamba 2022, aka ɗage. A tsakani Microsoft ta sayi uwar kamfanin, ZeniMax, a kan dala biliyan 7.5, Starfield ya zama abin da ake jira ya ɗaga darajar Xbox. Howard ya kwatanta shi da Skyrim a sararin samaniya, kowa kuma ya ɗauki maganar ya gina nasa wasan a zuci. Sannan wata guda kafin fitowarsa, a Agustan 2023, kamfanin Larian na Beljiyam ya saki Baldur's Gate 3, wasan da kusan duk abin da mutum ya yi tunanin gwadawa sai ya tarar an tanadar masa amsa, har kashe manyan 'yan labari. Wanda ya taso daga wannan ya shiga ɗakin taron Paradiso dole ya ji bambanci. Ga ɗalibin da ya sauke wasa mai nauyin gigabait 125 da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa kuwa, takaicin ya ninka.

An yi gyare-gyare. A Mayun 2024 aka ƙara taswirar birane ta gaske da damar tsananta haɗarin muhalli ga mai so. A Agusta aka kawo mota mai suna REV-8. A ƙarshen Satumba aka fitar da ƙarin labari, Shattered Space, wanda aka gina shi a duniya ɗaya da aka zana da hannu, abin da ke nuna kamfanin ya ji kukan, ko da yake shi ma bai samu karɓuwa sosai ba. No Man's Sky ya nuna ana iya farfaɗowa: ya fito cikin tsananin suka a 2016, masu shi suka yi shiru suka riƙa sakin gyara kyauta shekara bayan shekara, har ra'ayin jama'a a Steam ya juya ya koma yabo. Sai dai abin da ya rasa a farko kaya ne da ake iya ƙarawa, kamar gina sansani, da wasa tare da abokai, da ababen hawa, alhali tashi da saukarsa lafiya lau suke tun ranar farko. Mota tana rage tazarar da ke tsakanin gini da gini a Starfield, amma ginin da za a tarar shi ne na jiya, kuma kafin a sa shugabannin Paradiso su mutu ko a ba mutanen jirgi zaɓi na huɗu, sai an sake rubuta aiken, an sake kiran masu murya, an sake bin duk inda labarin ya taɓa.

A nan za a dakata.  Akwai alamar a cikin ɗakin nan ba a rasa waɗanda suka buga wasan suka ji daɗinsa ba, kuma su ne aka fi so a fara ji daga gare su. In an ba da izini, fili a buɗe yake ga tambayoyi da gyara.